Layin mai daga tanki zuwa tukunyar ɗumama gida: in bi ta sama ko ta gindin bango?

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena a wannan sana'a, shawara nake nema.

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki na fara koya, yanzu kuma ina ƙarƙashin wani oga mai lasisin haɗa tukunyar ɗumama gida mai aiki da mai. Mun karɓi aiki a wani tsohon gida: za mu fitar da tsohuwar tukunya da tsohon tanki daga ɗakin ƙasa, mu sa sababbi. Oga ya ce tukunya da bututun hayaƙi nasa ne, layin mai kuwa ni zan tsara, in zana masa a takarda, in ya gamsu in ja da hannuna. Shi zai duba ya sa hannu.

Ga yadda wurin yake. Sabon tankin na ƙarfe ne mai cin galan 275, mafitarsa a ƙasa take, kuma zai zauna a kusurwar da ke ɓangaren titi saboda motar mai, ɗan nesa kaɗan da inda tsohon yake. Tukunyar tana ɗaya ƙarshen ɗakin, tsakaninsu kamar ƙafa 30, duk a daɓe ɗaya. Injin wutar, wato na'urar da ke fesa mai ta kunna wuta a cikin tukunyar, nozul ɗinsa (ɗan bakin da ke fesa man) mai galan 0.85 ne a awa. Tsohon layin jan ƙarfe ne tsirara da aka binne cikin kankaren daɓen, inda ya ɓullo kusa da tukunya ya yi kore shar. Ba za mu sake amfani da shi ba.

In na bi gindin bango ta gajeriyar hanya, dole layin ya gitta ƙofar da ke fita waje. In na zagaya ta ɗaya bangon, tsawon zai kai ƙafa 45 da kwana uku. In kuwa na hau sama kamar ƙafa 7, na bi katakan da ke ɗauke da bene, na sauko daidai kan injin wutar, ba wanda zai taka shi, kuma a idona ya fi kyan gani nesa ba kusa ba. Hankalina ya fi karkata can. Shin akwai illa? In ta sama zan bi, layi ɗaya zan ja ko biyu, na zuwa da na komawa tanki? Ina so duk wanda ya sauko ɗakin nan ya ga aiki tsaf.

Baba Mai Sifana:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa neman albarka. Ka yi dace da oga, tun da ya sa ka zana kafin ka yanka bututu.

Ni dai ta gindin bango zan bi, ta doguwar hanyar, da layi ɗaya. Bari in gaya maka dalili, don ka iya kare zanenka in ya tambaye ka.

Tankinka da injin wutarka a daɓe ɗaya suke, mafitar kuma a ƙasa. Ke nan man da kansa zai gangaro zuwa famfon injin wutar, ba sai an zuƙo shi ba. Wannan kyauta ce wurin ya ba ka. Ƙafa 45 ba komai ba ne ga man da bai kai galan ɗaya a awa ba cikin bututu mai inci 3/8. Da zarar ka hau sama ka mayar da kyautar. Gaskiya ne in layin ya cika da mai, wanda ke saukowa yana jawo wanda ke hawa, famfo ba ya wahala. Amma saman layin kullum cikin zuƙa yake, kuma a nan gizo ke saƙar. Layin da ke cikin zuƙa in ya sami 'yar kafa, mai ba ya fita ka gani, iska ce ke shiga. Ka shafa hannu ka ji a bushe, ka haska fitila ba ɗigo ko ɗaya, amma ana shan iska. Iskar ta taru a can ƙololuwa, wata rana ta gangaro gaba ɗaya, wuta ta ɗauke, injin ya kulle kansa, mai gida ya kira ku da tsakar dare cikin sanyi. Kafin a kai nan ma akwai ƙananan alamu: wuta na rawa tana gurnani, in injin ya tsaya kumfar iskar da aka matse a bayan nozul ta buɗe ta turo mai yana ɗiga a ɗakin wuta, sai wari, sai kunkunniya. Haka kuma duk ranar da tanki ya ƙare, fitar da iska daga layin sama ya fi na ƙasa cin rai.

Saboda haka tsaftar aikin layin mai, a wurina, daga yawan haɗi take farawa. Layi mafi kyau shi ne sanda guda daga bakin tanki har injin wuta, ba haɗi ko ɗaya a tsakani. Kwana ukun nan duk da benda, abin lanƙwasa bututu, za ka lanƙwasa su, kada ka sa gwiwar haɗi. Ka sayi jan ƙarfe mai laushi wanda ya zo da rigar roba. Abin da ya mayar da tsohon layin kore shi ne kankare da danshi suna cin jan ƙarfe tsirara, har su huda shi, mai ya yi ta tsiyaya ƙarƙashin daɓe ba wanda ya sani. Shi ya sa a jihar Massachusetts ta Amurka doka ta tilasta wa masu irin wannan tsohon layi su sa masa riga ko su sa bawul ɗin kariya.

Wajen warware naɗin, tsayar da shi a ƙasa, ka take bakin da ƙafa, ka mirgina shi gaba a hankali. Haka zai fito a miƙe. In ka jawo shi ta gefe zai fito a murɗe, kuma jan ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, gyara na biyu da na uku ba sa mayar da shi daidai. Toshe bakin da tef har sai ka zo haɗawa. Buga layi da igiya a jikin bango, 'yan inci sama da daɓe don kada ya kwanta cikin ruwa in an yi wanki ko ambaliya, ka jera maƙalai masu roba a tazara ɗaya, kamar ƙafa 2 zuwa 3, da ɗaya kusa da kowace kwana.

Haɗi kuwa filaya kawai, mai digiri 45, irin wanda ka saba yi a aikin sanyaya ɗaki, wanda ake buɗe bakin bututu kamar ɗan mazurari. Hannunka ya riga ya san shi. Kankare bakin kana fuskantar da shi ƙasa don ɓarɓashi ya zubo waje, fuskar filayar ta fito sumul ba tsaga, ka ɗaure da sifana biyu, kada ka shafa mata komai. Haɗin zobe, wanda noti ke matse ɗan zobe a jikin bututu, yana riƙe ruwan famfo lafiya lau amma yana shan iska a layin mai, masu ƙera famfon injin wuta ma sun hana shi. Farin tef ɗin masu famfo kada ya kusanci aikin nan. Zarensa yana tsinkewa ya bi mai ya maƙale a cikin famfo ko nozul, har kamfanin Suntec ya ce in an same shi a famfonsu babu garanti. Inda akwai zaren ɗauri irin na noti, man haɗi wanda aka yi don mai za ka shafa kaɗan, ka bar zare biyun farko ba komai.

A bakin tanki ka fara da bawul mai narkewa, irin Firomatic, wanda in zafi ya kai digiri 165 a ma'aunin Farenhait, wajen 74 ke nan a Salsiyos, abin da ke riƙe da shi ya narke ya rufe kansa. Ka sa wani irinsa a gaban injin wuta. Filta kuma ka kafa ta da ƙarfenta a jikin bango, kada ka bar ta tana lilo a kan bututu, kuma ka bar fili a ƙarƙashinta yadda kwano zai shiga, gwangwanin ya sauko ba tare da an kwance komai ba. Duk shekara wani zai durƙusa a wurin nan ya canza ta. Ka durƙusa da kanka tun kafin ka huda bango, ka ga ko hannu da sifana suna shiga.

Layi biyu a wannan ɗakin ba shi da amfani. Famfo yana jan fiye da galan 10 a awa, ya ƙona ƙasa da ɗaya, ya mayar da saura tanki. Duk wannan man ta cikin filta yake bi, ga dama lakar gindin tanki, ga layin komawa wanda in ya huje zai yi ta zubar da mai wuta kuma tana ci lafiya, ba abin da zai nuna. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: a layi ɗaya ɗan sukurun toshiya, wanda ke rufe hanyar zagayen mai a cikin famfo, dole ya kasance a cire. In yana ciki ka tayar da injin, nan take sil ɗin famfon, wanda ke hana mai tsiyaya, zai fashe.

Ɗan Koyo:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Maganar iska ta shige ni. Amma ga abin da ke damuna da layin ƙasa: tun da man da kansa yake gangarowa, in wani ya jawo kaya ya fasa bututun, ai duk abin da ke cikin tankin zai malale a ɗakin. Ba gara iska ta shiga ba da mai ya fita?

Yaya Injiniya:

Ƙanena, tambayarka tana kan hanya, kuma da izinin Baba zan ɗan saɓa masa. Ni a Ingila nake wannan aiki. A nan kananzir muka fi ƙonawa, tankunanmu kuma galibi a waje suke, sau da yawa ƙasa da injin wutar, don haka zuƙa ba baƙuwarmu ba ce. Layin sama yana aiki lafiya in an yi shi da abin da ya dace, wato na'urar cire iska, wadda aka fi sani da Tigerloop, ƙirar Suwidin. Layi ɗaya ke zuwa mata daga tanki, gajerun tiyo biyu kuma su haɗa ta da famfo. Man da famfo ya mayar a cikinta yake zagayawa, ta fitar da iskar, daga tanki kuma ba a jawo sai daidai abin da aka ƙona. A wannan tsari ana sa sukurun toshiyar da Baba ya ambata, tun da a wurin famfo layi biyu ne. Kada ka rikita su.

In ta sama za ka bi, kada ka ce bari in sa bututu mai faɗi don mai ya wadata. Mai kaɗan cikin babban bututu tafiyar hawainiya yake yi, ba ya iya tura kumfa gaba, sai ta taru. Tsaya a inci 3/8 ɗinka. Mu nan milimita 10 muka fi ja. Sannan ka sani na'urar ba lasisin yin haɗin banza ba ce. Tana iya ɓoye maka ƙaramar kafa shekara da shekaru, kafar kuma tana nan.

Inda na yarda da Baba ɗari bisa ɗari shi ne haɗi da rigar roba. Zan ƙara biyu: ban da dalma a layin mai, domin in gobara ta tashi ita ce za ta fara narkewa, ban kuma da bututu mai rufin zinki, mai yana cin rufin ya kai shi nozul. Bawul ɗin gobara namu daban yake da naku. Jikinsa a wajen gini yake, inda layin zai shiga bango, da siririyar waya mai jin zafi da ke zuwa saman injin wuta, don a yanke man tun bai shigo gida ba. Na'urar cire iska ta roba ma a waje ake kafa ta a nan. Ka duba dokar inda kake, kada ka ɗauki tawa ko ta Baba ka kai wa jami'in da zai duba aikinku.

Baba Mai Sifana:

Injiniya, ba ki faɗi abin da zan musa ba. In tanki yana ƙasa da injin wuta, ko ba hanyar ƙasa sam, abin da kika ce shi nake yi. Abin da ya sa na tsaya a kan ƙasa shi ne yaron nan yana da hanya, ƙarin ƙafa 15 ne kawai, kuma kowace na'ura da aka ƙara ta zo da nata haɗe-haɗen da tiyo biyu da za su tsufa.

Ɗana, tsoronka yana da magani, shi ne bawul ɗin kariyar da na ambata a sama. A kusa da tanki ake sa shi, bayan bawul mai narkewa. A rufe yake zaune, ba ya buɗewa sai famfo ya ɗan zuƙa. In an fasa bututu, abin da ke cikin bututun ne kawai zai zube, tanki ya riƙe nasa. Gaskiyar magana, da shi layinka ma zai koma cikin 'yar zuƙa lokacin da injin ke aiki, don haka filayarka dole ta yi kyau ko ta ina ka bi. Bambancin shi ne a ƙasa babu ƙololuwar da iska za ta taru. Kada ka kafa shi sama da ƙafa 3 daga inda layin ya fi yin ƙasa, kuma ya fi son mai tacacce, don haka in ka sa filta tsakaninsa da tanki ka kyauta masa. Inda ake ajiye kaya a jikin bangon, rufe layin da ƙarfe mai kusurwa ka ɗaure da sukuru.

Kafin ka ce ka gama, gwada shi. Sa gejin zuƙa a famfo, rufe bawul ɗin tanki, tayar da injin har allura ta hau, ka kashe. In ta tsaya cak minti 5 ko fiye, layinka a rufe yake. In tana saukowa a hankali, akwai inda ake shan iska, ka nemo shi a ranar. Wajen fitar da iska kuma sa tiyo mai gani-har-hanji a bakin famfo, kada ka rufe da ganin mai ya fito, jira har ya zo garau ba ƙwayar kumfa.

Ko da yake tukunya ta oganka ce, layinka a jikinta zai ƙare, don haka ku daidaita. Yawancin tukwanen yanzu ƙofarsu tana buɗewa da injin wutar a jikinta. Ƙarshen layin ya zo ta ɓangaren da ƙofar ke juyawa, da tiyon mai na musamman ko ɗan naɗin jan ƙarfe, yadda za a buɗe a share ba sai an kwance haɗi ba. Filayar da ake kwancewa duk shekara ba ta daɗewa. Kada layin ya bi kusa da bututun hayaƙi, kada ya bi ƙarƙashin bututun da bawul ɗin rage matsi ke zubar da ruwan zafi, kada kuma ya tsaya inda mai gyara zai sa gwiwa. Ka auna tazarar tanki da injin wuta ma, ƙa'idar NFPA 31 ta Amurka ƙafa 5 ta ce mafi ƙaranci, kai kam kana da ninkinta da yawa.

Ranar tayar da wuta ka tsaya kusa da oga ka kalli na'urar awon hayaƙi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a injinan yanzu bai sani ba. Wuta tana iya yin kyau a ido tana tara kunkunniya. Takardar gwajin hayaƙi ta fito fes, iskar kabon dayoksaid wajen kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari, jan bututun hayaƙi da matsin famfo kuma yadda littafin tukunyar ya ce. Lambar 0.85 da ke jikin nozul a matsin psi 100 aka auna ta, injina da yawa yanzu a 140 suke aiki, ke nan man da ke fita ya fi abin da aka rubuta. A rubuta duk alƙaluman a kati a rataye jikin tukunya.

Direban Tanka:

Sannunku da aiki. Ni ba mai haɗawa ba ne, mai nake kaiwa gidaje, amma na ga ɗan'uwa ya ce sabon tankin ba a gurbin tsohon zai zauna ba, shi ya sa na sa baki.

Don Allah tsohon bututun zuba mai da ke waje ku cire shi gaba ɗaya a ranar da kuka fitar da tsohon tanki, ku toshe ramin bangon. Kada ku bar shi da murfi ku ce gobe. Mu daga waje ba ma ganin cikin ɗakin ƙasa. An sha samun direba ya jona tiyo a bututun da babu tanki a ƙarshensa, mai ya cika ɗaki, gida ya gagari zama.

Sai usur ɗin da ke gindin bututun numfashin tanki. Da shi muke gane komai: muddin mai na shiga iska na fita, yana kuka, in mai ya taɓo bakinsa ya yi shiru, mu tsaya. In na fara zubawa ban ji shi ba, kashewa nake yi in tafi. Ku sa sabo, bututun numfashin kada ya gaza inci 1¼, bakinsa ya fito kusa da na zubawa yadda zan ji da kunnena, sama da inda ƙanƙara ke taruwa, kuma dukansu biyu su gangara zuwa tanki don kada mai ya kwanta a ciki.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai, Baba, Yaya Injiniya, da Malam Direba. Na sake zanen: ta dogon bango, sanda guda mai riga, bawul mai narkewa, filta da bawul ɗin kariya a bakin tanki, wani bawul mai narkewa da tiyo a gaban injin wuta. Tsohon bututun waje na sa shi a jerin aikin ranar farko. Saura tsohon layin da ke cikin kankare, Baba. In yanke shi daidai daɓe in shafe da siminti?

Baba Mai Sifana:

Kada ka shafe tukuna. Akwai mai kwance a cikinsa. Sa kwano a baki ɗaya, ka hura ta ɗayan a hankali har ya fita duka. Daga nan toshe baki ɗaya, ka ba shi iska kaɗan da geji, ka ga ko zai riƙe. In ya riƙe, matse bakunan biyu, yanke, ka shafe. In bai riƙe ba, mai yiwuwa ya daɗe yana zuba ƙarƙashin daɓen, wannan kuma ya wuce ni da kai. Ka gaya wa oga nan take, shi ya sanar da mai gida a rubuce, domin a wurare da yawa doka ta ce a kai rahoton malalar mai, kuma kamfanin inshora zai tambayi ranar da aka gano.